Abin Da Wuta Ta Bari

Duk wanda ya bi titin Zariya daga Kano da sanyin safiya ya doshi Kura, ba zai rasa hango dogayen bututun kamfanonin casar shinkafa suna busa hayaƙi sama ba. In ya matso kusa zai ji gurnanin injuna, ya ga tireloli sun yi layi maƙare da buhunan shanshera. Mu ne dai ba zai gani ba, domin mu ba a nemanmu sai ran da hayaƙin nan ya ɗauke, injuna suka yi tsit, aka kwance wata 'yar ƙofar ƙarfe da ba ta fi faɗin faifai biyu ba a jikin tukunyar tururi, aka ce to bismilla, ku shiga. Sana'armu ke nan, kankare toka da kwashe ta. Tun 2017 muke cikinta, mu biyar. Abin da ya sa muka ga ya dace mu ɗauki alƙalami kuwa shi ne wani abu da ya same mu a daminar 2020, wanda har yau in mun haɗu kowa kauce wa zancensa yake yi.

Kafin mu kai can, bari mu ɗan yi wa mai karatu bayanin tukunyar, don ba kowa ne ya taɓa leƙa cikinta ba. Ma'aikata boila suke ce mata. Iyayenmu mata in za su guma shinkafa a gida, jiƙa ta suke yi, su ɗora tukunya a murhu su turara, sannan su shanya a tabarma. To kamfani ma abin da yake yi ke nan, sai dai shi murhunsa ya kai ɗaki girma, an gina shi da bulo mai jure wuta, tukunyar kuwa bututun ƙarfe ne birjik, ruwa na gudu a cikinsu, wuta na lasar bayansu. Ruwan ya tafasa ya zama tururi, a ja tururin a kai shi ya turara shinkafa, ya kuma busar da ita. Makamashi ba sai an saya ba, ɓuntun shinkafar ne da kansa. A cikin nauyin buhu biyar na shanshera, kusan buhu guda ɓuntu ne. In an ƙona ɓuntun kuma, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka yake komawa, alhali itace bai fi ya bar kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Kamfanin da ke cashe tan 100 a rana yana da ɓuntu tan 20, in ya ƙone shi duka yana da toka wajen tan 4, kullum ta Allah.

Tokar nan gida uku take rabuwa. Mai nauyi ta zube ƙarƙashin ragar murhu, masu aikin kwana su janye ta da baro. Marar nauyi ta bi hayaƙi, a tare wadda aka iya tarewa, saura ta sauka a kan rufin maƙwabta da shanyar matansu. Ta ukun ita ce tamu, wato wadda take maƙalewa a jikin bututu, ta taru a lungu da saƙo inda iska ba ta da ƙarfi. Kowace mace da ta taɓa girki da itace ta san halin toka. In dare ya yi ta rufe garwashi da ita, da asuba ta tona ta tarar da wutarta da rai. Toka bargo ce, ba ta barin zafi ya wuce. To wannan bargon in ya lulluɓe bututu, sai wuta ta yi ta ci ruwa bai sani ba. Mai hura wuta ya yi ta ƙara ɓuntu, allurar geji ta ƙi tashi. Zafin da ya kamata ya shiga ruwa ya bi hayaƙi ya tafi sama a banza. Hanyar iska ta tsuke, fanka ta riƙa nishi, wani lokaci har harshen wuta ya dawo ta ƙofa ya babbake wa mutum gira. Can ɓangaren shinkafa kuma tururi ya yi rauni, wata ta turaru wata ba ta turaru ba, a zo casa ta kakkarye. In aka kai nan, to ranarmu ta zo.

Mu ba gadon sana'ar nan muka yi ba. Bayan da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Kebbi a ƙarshen 2015, sai kamfanonin casa suka yawaita a Kano kamar jamfa a Jos. Shanshera na zuwa daga Kadawa da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ba da noman rani, ga kuma ta Haɗeja da ta Kebbi. Mu kuwa a lokacin zaman dakali muke yi, uku da takardar sakandare, ɗaya da difloma. Wani dattijo na unguwarmu ne ya tattara mu. Baba muke ce masa, shi kuma yana ce mana samari. Ya yi shekaru yana hura boila a wata masaƙa tun lokacin da masaƙun Kano ke aiki dare da rana suna ƙona baƙin mai, da suka durƙushe ya koma facin taya, da shinkafa ta zo ya dawo wa tsohuwar sana'arsa. Yakan ce mana kunkunniyar baƙin mai baƙi ce mai maiƙo, amma ka san abokiyar gabarka da ganinta. Ita kuwa tokar ɓuntu fara ce sumul, ga laushi a ido, kuma ita ce ta fi mugunta.

Dokokin Baba uku ne, tun ranar farko ya sa muka haddace su kamar karatun allo. Ta farko, in an kashe wuta sai an ba tukunya kwana biyu cur, ƙofofi a buɗe, tana shan iska. Ko bayan kwana biyun ma sai ya zura dagi cikin tarin toka har ƙasa, ya bar shi ya jima, ya zaro ya taɓa bakinsa da tafin hannu. In hannu ya iya zama, a shiga. Ta biyu, daga sama ake fara kankara a gangaro ƙasa, kuma ba mai tsayawa ƙarƙashin abin da ba a kankare ba. Ta uku, sai ya sa kwaɗonsa a kan makunnin fanka da na injin da ke turo ɓuntu, ya jefa mukullin a aljihu, sannan mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da igiyar da aka ɗaura a ƙugun na ciki, ba fitsari, ba amsa waya, har sai kowa ya fito. Mukan yi masa dariya a bayan ido, mu ce tsoho ya cika tsoro. Shi kuwa in ya ji sai ya ce ai tsoron ne ya kawo shi furfura.

Ranar aiki da rarrafe ake shiga, ƙafa a gaba. Ciki duhu ne, sai hasken tocilan da ke ɗaure a goshinmu. Mu kafa katako mu hau har kusa da rufi, kowa da burushin waya da ɗan kurfi da guduma, mu bi bututu ɗaya bayan ɗaya. Tokar ɓuntu zalla ba ta da gardama, kana taɓa ta take zubowa kamar gari. Amma fa kusan kashi 90 cikin ɗari nata sinadarin silika ne, wato abin da ke cikin yashi, wanda da shi ake yin gilashi. Saboda haka kaifi gare ta. Inda iska ke watsa ta da ƙarfi sai ka ga ta goge ƙarfe ya yi sheƙi, ta cinye shi a hankali har ya yi sirara. Baba kan bi irin waɗannan wurare yana ƙwanƙwasawa da guduma, yana saurare, ya sa alli inda ya ji muryar ƙarfen ta canja don mai walda ya duba. Abin da take yi wa ƙarfe shi take yi wa fata. Ta shiga wuya, ta shiga hammata, ta haɗu da gumi, ka kwana kana susa. Hanci kuwa tsumma muke jiƙawa mu ɗaure. In mun gama sama mu sauko mu kwashe ta ƙasa da shebur, muna miƙa bokiti ta ƙofa. Mu fito fari fat kamar an tono mu, sai idanu kawai. Kamfani ya ba kowa gwangwanin madara, wai ta wanke ƙirji. A biya mu kuɗin jinga, mu yi wanka a famfon bayan gida, mu kama hanya. Haka muka yi shekara uku ba wanda ko ƙwarzane ya yi.

A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafar waje ta yi wuya, ta gida ta yi daraja. Kamfanoni suka shiga aiki ba dare ba rana. A wani kamfani da muke yi wa aiki, wanda ba za mu kama sunansa ba, ruwan Agustan 2020 ya jiƙe tsibin ɓuntun da aka tara a fili, ya kama ruɓewa. Jiƙaƙƙen ɓuntu ba ya cin wuta sai hayaƙi. Don kada aiki ya tsaya sai aka shiga sayo duk abin da zai ƙonu, ɓawon gyaɗa daga masu matsar mai, totuwar masara, karan shinkafa, har da sharar tsakar kamfani da yashinta, ana cakuɗawa ana turawa. Wuta kuwa ta ci, har ta fi ta da ƙarfi. Lokacin shara ya zo aka ɗaga, ya sake zagayowa aka sake ɗagawa. Sai da tururi ya kasa turara ko rabin abin da ya saba, sannan aka kashe wuta ranar wata Alhamis da daddare, cikin watan Satumba, aka aiko mana.

Da safiyar Juma'a aka kwance ƙofa muka haska daga waje. Ba mu taɓa ganin irin abin da muka gani ba. Maimakon farin garin da muka saba da shi, sai ga wasu manyan duwatsu sun manne a bututu suna reto daga sama, baƙi-baƙi, kore-kore, da ƙyalli da ƙofofi a jikinsu, sak kashin maƙera. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya tambaye mu ko mun san abin da ya sa tsofaffi ke tace tokar kara su zuba ruwanta a miya in babu kanwa. Muka ce mun sani. Ya ce da me ake sabulun salo? Muka ce da ruwan toka. Ya ce marinan Ƙofar Mata fa, me suke zubawa a karofi tare da baba? Muka ce toka. Ya ce to akwai wani gishiri a cikin tokar kara da ɓawo da totuwa, shi ne mai yin duk wannan aikin, kuma shi ne ya yi wannan. Wani matashin injiniya da ke kula da tukunyar ya ƙarasa mana bayanin. Ya ce sunan gishirin fotash. Silikar ɓuntu ita kaɗai ba ta narkewa a zafin murhun nan, shi ya sa take fitowa gari. Amma in ta gamu da fotash sai su narke tare tun zafi bai kai digiri 800 a ma'aunin salshiyas ba, murhun kuwa yana wuce haka. Sai abin ya zama kamar narkakkiyar alewa, ya manne a bututu, duk tokar da ta zo wucewa ta liƙe a kai, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya daskare ya zama dutse. Wato dai abin da aka zuba wa wuta a Agusta ne ya tsaya yana jiranmu a Satumba.

Muna cikin haka sai ga manaja. Ya gaishe da Baba da ladabi, don ba mutumin banza ba ne, shi ma matsa masa aka yi. Ya ce, "Baba, tirela goma sha ɗaya ce a waje, masu kaya sun hana ni barci. Ku taimaka ku shiga yau in an sauko daga masallaci, zan ninka muku kuɗin jinga."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙin aiki muke yi ba. Jiya da daddare aka kashe wutar nan, bulo bai ko fara hucewa ba. A bari sai Lahadi da safe, in Allah Ya kai mu."

Manaja ya ce in ba za mu iya ba ya nemo wasu. Ya ba mu zuwa azahar mu yi shawara.

A nan ne fa laifinmu yake, kuma saboda shi muka yi wannan rubutu. Ba wanda ya tura mu. Mu huɗun ne muka ja Baba gefe muka yi masa taron dangi. A shekarar an yi kullen korona a Kano tun daga watan Afrilu, mun yi watanni muna cin bashi. Wannan kuɗin haya na binsa, wancan matarsa ta kusa haihuwa, ƙaraminmu kuwa, wanda muke kira Auta, lefe yake haɗawa. Muka ce Baba ai ka san halin da muke ciki, in muka bari wasu suka karɓa, mun rasa kamfanin nan ke nan har abada. Ya ce, "Samari, toka ba ta san ninki ba." Ya ɗauko dagi ya zura ta ƙofa, ya jima, ya zaro, ya tofa yawu a bakinsa. Yawun ya yi cuu, ya ƙafe nan take. Duk mun gani da idonmu. Muka ce ai ba cikin tokar za mu taka ba, katako za mu shimfiɗa mu bi gefe. Ya yi shiru, can ya ce, "Ni dai ba da yawuna ba. Amma tunda kun nace, igiyar nan ba zan ba kowa ba, ni zan riƙe."

Muka shiga biyu-biyu, kowane rukuni minti goma a fito a sha iska. Zafin ciki ba ya faɗuwa. Numfashi kansa ƙuna yake yi, ƙasan takalmi yana laushi kamar ɗanko. Kafa katakon hawa sama aikin sa'a biyu ne, ba mai iya jure haka, saboda haka muka karya doka ta biyu kamar yadda muka karya ta farko. Muka ɗaura kurfi a bakin dogon ƙarfe muna zungurar duwatsun daga ƙasa. Ƙanana suka riƙa faɗowa, muna murna aiki na sauri. Wajen la'asar, Auta da wani daga cikinmu suna ciki, aka zunguri wani ɗan ƙarami, ashe shi ke riƙe da babban. Wani falle da ya kai ƙyauren ɗaki ya ɓalle gaba ɗaya. Allah Ya sa bai faɗo a kan kowa ba, cikin tarin tokar ya faɗa. Sai tokar ta dare. Samanta fari ne, ashe ƙasanta ja wur. Wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda ba, amma rushi in an motsa shi gudu yake yi kamar ruwa. Ya malalo ya haye katakon, ya rufe Auta har gwiwa, ya cika masa takalma. Ƙura ta turnuƙe, tocila ta zama banza. Mu na waje ihu kawai muka ji. Kafin mu san abin da ake ciki Baba ya tokare ƙafa a bango yana jan igiya, muka kama masa, muka fizgo su ɗaya bayan ɗaya ta wannan 'yar ƙofa.

Mutane suka taru, wannan ya ce a fasa ƙwai, wancan ya ce a shafa man goge baki, wani ya ce gishiri. Injiniyan nan ya hana, ya sa aka yanke takalman da wuƙa, aka jawo tiyo aka yi ta kwarara ruwa a ƙafafun har wajen minti ashirin, sannan aka sa shi a mota. Daga baya likita ya ce ruwan nan ya taimaka ƙwarai. Auta ya yi wata biyu a asibiti. Kamfani ya biya wani abu, muka haɗa sauran, kuɗin lefen ma can suka tafi. Ya warke, yana tafiya da ƙafafunsa, ya yi auren bayan shekara guda, amma har yau ba ya sa gajeren wando, kuma bai sake shiga tukunya ba. Aikin da aka so a gama ranar Juma'a kuwa sai Laraba aka gama shi, da guduma da kurfi, daga sama zuwa ƙasa. Sauri ya haifi nawa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne Baba bai taɓa ce mana ai na faɗa muku ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa, da mun fi samun sauƙi.

A zaman jinyar nan ne injiniyan ya riƙa zuwa dubiya, yana nuna mana a wayarsa yadda ake fama da toka a wasu ƙasashe, don ashe ba mu kaɗai take wahalarwa ba. A Denmak, tun 1993 aka ɗora wa tashoshin lantarki ƙona karan alkama da sha'ir mai yawa don a rage kwal, sai ga fotash da gishirin kilorin da ke cikin karan suna toshe musu bututu suna cin ƙarfe. Har suka lura cewa karan da ya kwana a gona ruwan sama ya dake shi ya fi sabon yanka sauƙin toka, saboda ruwan ya wanke gishirin. Baba ya yi dariya ya ce ashe Turawa ma sun san tatar toka. Masu ƙona shara kuwa tasu ta fi ta kowa muni. Tun 1874 aka fara gina gidan ƙona shara a birnin Nottingham na Ingila, yau kuma a ƙasashe da dama da zafin sharar ake yin lantarki, har a nan Afirka an buɗe irin wannan tasha a Adis Ababa a 2018. Cikin shara akwai roba, akwai gishiri, akwai dalma da tutiya, tokarsu na narkewa da wuri, ta manne, ta kuma ci ƙarfe. Shi ya sa yawancin irin waɗannan tashoshi ba sa barin zafin tururinsu ya wuce wajen digiri 400.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne dabarun da suka ƙirƙiro na kakkaɓe toka alhali wuta na ci. Akwai dogon bututu mai shiga yana juyawa yana fesa tururi a jikin ƙarfe. Akwai gudumomi da ke bugun bututu daga waje lokaci-lokaci. Akwai masu zubo ƙananan ƙwallayen ƙarfe daga sama su gangaro suna kankara, a tattara su a ƙasa a mayar. Akwai masu yayyafa ruwa daga rufi, sanyin ya sa dutsen ya tsattsage. Akwai ƙaho mai ƙara da ke girgiza toka tun tana gari, har da masu tayar da 'yar ƙaramar fashewa ta iskar gas a ciki, ƙarfin bugun ya zubar da abin da ya manne. Su ma sukan kashe wuta a shiga da hannu, amma jefi-jefi. Duk hikimar a wuri ɗaya ta taru, a taɓa toka kullum tun tana gari, kada a bari ta zama dutsen da sai ɗan Adam ya shiga ƙarƙashinsa. Muka tambayi injiniyan ko irin wannan mai fesa tururin yana da tsada. Ya sunkuyar da kai ya ce ai tukunyarmu ma da shi ta zo. Ya lalace tun shekarar farko, aka ce gyaransa ɓarnar kuɗi ne, kuma yana shan tururin da za a turara shinkafa.

Rushi dai a rana ɗaya ya yi mana ɓarnarsa, kowa ya gani. Farar tokar nan mai laushi kuwa tata a ɓoye take yi. Tun muna fara aiki Baba ke ɗan tari, muna cewa sanyi ne. A hankali ya zama in ya hau tsani sai ya tsaya ya huta, daga baya ko tafiya masallaci sai ya yada zango. A 2022 aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce ƙura ce ta yi wa huhun tabo, kuma irin wannan tabon ba ya gogewa. Ya bayyana mana cewa ɓuntu in ya daɗe cikin wuta mai tsanani, silikarsa kan rikiɗe ta zama mai kaifi irin ta ƙurar dutse, ƙwayoyinta kuma sun yi ƙanƙantar da jiƙaƙƙen tsumma ba ya tare su. Muka tambaye shi batun madara. Ya ce madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu, ba inda suke haɗuwa. Tun daga ranar muka sayi takunkumi na gaske mai matacin da ake canjawa, muke kuma yayyafa wa toka ruwa kafin mu sa mata shebur. Kuɗin takunkumin bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba.

Baba ya ajiye aiki a shekarar. Ran da muka je gaishe shi ya sa aka ɗauko masa kwaɗon nan da mukullinsa ya miƙa mana, bai ce komai ba. Yanzu mu uku ne tsofaffin hannu, da yara biyu da muka ɗauka, su ma muna jin suna yi mana dariya a bayan ido. Kada mai karatu ya zaci riƙon dokar nan kyauta ne. A kakar 2023 wani kamfani ya nemi mu shiga bayan kwana ɗaya, muka ƙi, aka kira wasu samari suka shiga, suka fito lafiya lau, aka ba su aikin dindindin. Mun yi musu murna da fitowa lafiya, mun kuma yi wata guda ba mu da aiki. Irin wannan fitowa lafiyar ita ke sa a ce tsofaffi sun cika tsoro, mu ma sai da muka ga rushi yana gudu sannan muka daina faɗa.

Roƙonmu ga masu kamfanoni bai da yawa. Su yi wa ɓuntu rumfa kada ruwa ya dake shi. Su san abin da suke zuba wa wuta, domin duk abin da aka ba ta sai ta bar saura, kuma wani ne zai shiga ya tarar da shi. Su gyara mai fesa tururin nan. In an kashe wuta kuma su yi haƙurin kwana biyu. 'Yan'uwanmu masu wannan sana'a kuwa, daga Kano har Kebbi, da masu shiga tukunyar da ke cin tuƙar rake a kamfanonin sukari, ba mu da abin ba su da ya wuce abin da aka ba mu. Ku zura dagi har ƙasa, ku bar shi ya jima, ku zaro ku ɗora tafin hannu a bakinsa. In hannu bai zauna ba, ku koma gindin bishiya ku jira, ko nawa aka ce za a ninka.

Shi kuwa Baba yana nan a ƙofar gidansa a kan tabarma, yana sayar da goro da ashana. Duk ran da muka fito daga tukunya mukan biya ta wajensa kafin mu isa gida. Ba ya tambayar nawa aka biya. Yakan ƙirga mu da ido, ɗaya, biyu, har biyar, sannan ya ce a ba samari ruwa su sha. Allah Ya ba shi lafiya, Ya kuma fito da duk wanda ya shiga.